Daga Litinin zuwa Lahadi: yadda mako ke tafiya a majami'un kudancin Gombe

A bangon ofishin fasto, ko a bayan ƙofar ɗakin da dattawa ke addu'a kafin a shiga sujada, akwai wata takarda da ake mannawa a majami'un Billiri, Kaltungo, Balanga da Shongom. Jadawalin hidima ce, galibi ta wata uku. A cikinta ake rubuta wanda zai bi da sujada kowace Lahadi, wanda zai yi wa'azi, nassin da za a karanta, ƙungiyar da shara ta faɗo kanta, da dattijon da zai hau babur ya tafi reshen ƙauye. Mai son sanin lafiyar ekklesiya ya fara duba wannan takarda kafin ya duba tsayin gini ko ƙarfin lasifika. Idan sunaye uku ne kawai ke ta juyawa a ciki, da sauran gyara. Idan kuwa an soke sunan wani reshe da biro Lahadi biyu a jere, to gyaran ya fara makara.

Dalilin da ya sa takarda ɗaya ke da wannan nauyi shi ne majami'un wannan yanki ba a tsaye suke ɗai-ɗai ba. Bishara ta shigo ƙasar Tangale ta hannun mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda mutanenta John Hall da Gordon Beacham suka sauka Kaltungo a 1917, daga baya tashoshi suka buɗe a wurare irin su Tula da Gelengu da Zambuk. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA (a lokacin Evangelical Churches of West Africa), hedkwatarsu a Jos. Tsarin hawa-hawa ne: kowace majami'a tana da hukumar dattawanta, majami'u da dama su haɗu su zama ƙaramar majalisa, wato LCC, LCC da dama su zama gunduma, wato DCC, can sama kuma babbar majalisa, GCC. A kudancin Bauchi, wajen Tafawa Balewa da Bogoro, ekklesiyar COCIN ce ta fi yawa, ita kuma daga mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ta fito, tana da nata matakan na LCC da RCC na yanki da PCC na lardi. Akwai EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), da Anglika, da Katolika, da Baftis, da Metodis, da sababbin majami'un Fentikos, kowa da tsarinsa. Amma a ƙarƙashin duk waɗannan matakai akwai wani da ba a cika ambata a taro ba: gidan addu'a na ƙauye, mai benci shida ko takwas, wanda bai kai a kira shi cikakkiyar majami'a ba, yana dogara ga uwar majami'a da ke gari.

Abu uku ne ke kai da komo tsakanin waɗannan matakai: mutane, kuɗi, da labari. Mutane suna sauka daga sama zuwa ƙasa, wato masu wa'azi da masu ziyara. Kuɗi yana hawa daga ƙasa zuwa sama. Labari, ta wasiƙa da sanarwa, yana tafiya ta kowane ɓangare. Dukansu a cikin mako suke tafiya, ba ranar Lahadi ba. Lahadi tana nuna ko sun isa ne kawai.

Makon yana farawa tun da duhu. A majami'u da yawa ana buga ƙararrawa ko ƙarfen taya wajen ƙarfe biyar don addu'ar asuba, minti talatin zuwa arba'in: waƙa ɗaya, karatu, gajeren gargaɗi, addu'a. Tsofaffin mata ne suka fi riƙe ta. Litinin ranar hutun fasto ce a wurare da dama, ko da yake rashin lafiya da rasuwa ba su san da wannan ba. Laraba da yamma addu'ar tsakiyar mako, wani wuri kuma a haɗa ta da binciken Littafi Mai Tsarki. Mawaƙa suna koyon waƙa sau biyu ko uku a mako. Matasa suna da ranarsu, zumuntar maza ma haka, sai yaran Brigade na maza da na mata da faretinsu, sai 'yan Sabon Rai Don Kowa da ganga da fita wa'azi ƙauyuka. Ranakun suna bambanta daga gari zuwa gari, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne ranar kasuwa. Majami'ar da ta sa taron mata ranar da kasuwar garin ke ci ta sa wa kanta gasar da ba za ta ci ba.

Zumuntar mata ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ƙungiyar da ta fi kowace tsari. Suna haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako, da uwar zumunta, da magatakarda, da ma'aji, da mai koyar da waƙa, matar fasto kuma, wadda kowa ke kira Mama, tana zaune a matsayin mai ba da shawara. Ana kiran suna daga littafi. Ana haddace aya. Ana koyon waƙa da tulu da kacau-kacau, sau da yawa waƙar da wata daga cikinsu ta tsara daga wani nassi, a bi ta baki da baki har ta zauna ba tare da an rubuta ba. Amma babban aikinsu yana wajen majami'a. Su ne ke fara sanin wadda ta haihu, wanda aka kwantar a asibiti, gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da auren da ya fara tangal-tangal. Idan aka yi rasuwa, kafin dattawa su gama shawarar ranar jana'iza, mata sun riga sun raba aiki: masu kawo itace, masu kawo ruwa, masu kawo mudun masara ko shinkafa, masu kwana da mai takaba. Faston da ke da wayo yakan tambayi uwar zumunta kafin ya tsara ziyararsa ta mako, don jerin da ke hannunta ya fi nasa sabunta.

Inda abin ke lalacewa a nan shi ne yawan karo-karo. Kuɗin mako, kuɗin zanen zumunta, kuɗin taron LCC, kuɗin taron gunduma, kuɗin mota zuwa babban taro, gudummawar biki, gudummawar rasuwa. Kowanne shi kaɗai ba shi da yawa. Idan aka tara su a wata ɗaya, musamman a watan Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai matar da ba ta da hali ta fara fashin taro don kunyar a kira sunanta a ce akwai bashi. Ba ta daina bi ba, kuɗi ne ya kore ta, kuma ita ce wadda ta fi bukatar zumuntar. Ƙungiyoyin da suka gane wannan sun raba littafi biyu: kiran suna a fili, lissafin bashi kuma tsakanin ma'aji da mai shi.

Damina da rani ba mako ɗaya suke da shi ba, kuma jadawalin da bai san haka ba a takarda kawai yake aiki. Daga Yuni zuwa Oktoba mutane suna gona tun safe. Taron ƙarfe huɗu na yamma yakan koma biyar da rabi, ko ya zama na mutum goma. Mai da shi dare kuma yana da nasa haɗari, don yankin Kaltungo ya yi suna da macizai, har akwai asibiti na musamman na masu saran maciji a garin, kuma ba mai hankalin da zai so tsofaffi su riƙa ratsa ciyawa da duhu. Rafuka suna cika, hanyar reshe ta yanke. Shi ya sa manyan tarurruka, da falkaswa, da fita bishara, da baftisma a wasu wurare, suka fi dacewa da bayan girbi zuwa kafin saukar ruwan fari. Matsalar ita ce kowa ya san haka, sai kowace ƙungiya a kowane mataki ta jibga taronta a waɗannan watanni. Mace ɗaya da ke zumunta, tana cikin mawaƙa, tana koyar da makarantar Lahadi, za ta iya samun kanta da taro a kowane ƙarshen mako daga Janairu zuwa Ista. Maganin ba ɓoyayye ba ne: gunduma ta fitar da kalandarta tun kafin shekara ta ƙare, LCC ta ɗora nata a kai, majami'a ta zo daga ƙarshe. Idan aka juya wannan jeri, ko wasiƙar gunduma ta iso ana saura kwana goma, majami'ar ƙasa ce ke rushe shirinta.

Ranar Lahadi kanta lissafin lokaci ce. A gari, inda ake sujada biyu ko uku, ta Turanci da ta Hausa, wani wuri har da ta yare, kowace tana da kamar awa biyu, kuma dole a bar aƙalla minti ashirin tsakani don masu fita su fita, masu shiga su shiga. A ɗauki awa biyun nan a rarraba. Buɗewa da addu'a da waƙoƙi daga Littafin Waƙoƙi, minti ashirin. Karatun nassi da addu'ar fasto, goma sha biyar. Baiko, goma. Wa'azi, talatin da biyar zuwa arba'in. Abin da ya rage bai wuce minti arba'in ba, kuma a cikinsa ne za a saka waƙoƙin ƙungiyoyi da sanarwa da marabtar baƙi. Idan ƙungiyoyi biyar ne za su yi waƙa, kowace ta ɗauki minti bakwai da fitowa da komawa, lokacin ya kusa ƙarewa ba a karanta sanarwa ko ɗaya ba. Sai magatakarda ya tashi da wasiƙu shida, da katin aure uku, da jerin waɗanda suka yi alkawarin siminti. Wanda ke biyan wannan bashi shi ne mai wa'azi, wanda za a miƙa wa 'yar takarda a ce ya taƙaita, ko kuma ya ƙi taƙaitawa a fito da rana tsaka yara suna kuka.

Majami'un da suka shawo kan wannan ba wata dabara suka yi ba illa ƙa'ida. Ƙungiyoyi biyu ko uku ne ke waƙa kowace Lahadi, bi da bi. Sanarwa tana isa hannun magatakarda kafin yammacin Asabar, wadda ta zo da safe ta jira mako mai zuwa sai dai in rasuwa ce. Wasiƙar sama ba a karanta ta daga gaisuwa zuwa sa hannu, a faɗi abin da ta ƙunsa, a manna ta a allo. Wasu sun koma tura sanarwa ta WhatsApp, wanda ya taimaka a gari, amma a ƙauye wanda bai da babbar waya, kuma yawancin tsofaffi ne, sai ya zama shi ne na ƙarshen ji.

Batun harshe ma a nan yake. Jihar Gombe ta tara Tangale, Waja, Tula, Cham, Dadiya, Tera, Lunguda, Pero da wasu, kuma Hausa ce ta haɗa su a benci ɗaya tun da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Yau yaran da suka tashi a makarantun kuɗi na cikin Gombe sun fi sakewa da Turanci, kakanninsu a ƙauye kuma sun fi jin yare. Sakamakon shi ne gida ɗaya yana rabuwa gida biyu ranar Lahadi, iyaye a sujadar Hausa, yara a ta Turanci, ba su ji wa'azi ɗaya ba balle su tattauna shi a gida. Fassara nan take tana ninka tsawon wa'azi, don haka mai minti arba'in sai ya shirya na ashirin. Abin da ya fi aiki shi ne masu wa'azin sujadun biyu su ɗauki nassi ɗaya, sannan a yi sujadar haɗin gwiwa lokaci-lokaci.

Yanzu a koma ga reshe, inda tsarin ke fuskantar jarrabawarsa ta gaskiya. Gidan addu'a yakan kasance a hannun mai bishara ko wani dattijo. Yana iya wa'azi, yana iya ziyara, yana iya bi da addu'a. Amma ba da Jibin Ubangiji da yin baftisma da ɗaura aure aikin wanda ekklesiya ta ba izini ne ko ta keɓe. A ce rabaran ɗaya ne ke da uwar majami'a da rassa biyar. Idan ana cin Jibi sau ɗaya a wata a uwar majami'a, Lahadi uku suka rage masa, rassa kuwa biyar. Ko da bai yi ciwo ba, bai je taro ba, ba a yi rasuwa ba, kowane reshe zai gan shi kusan sau ɗaya a wata biyu. Da damina, reshen da ke ƙetaren rafi yana iya yin wata huɗu. Masu ajin baftisma su gama karatunsu su yi ta jira, wasu har su bar garin. A irin wannan giɓi ne wata sabuwar majami'a ke kafa rumfa a gefen ƙauye da janareta da mai wa'azin da ke kwana a nan, kuma ba laifin mutanen ƙauyen ba ne idan suka leƙa.

Hanyoyin rage giɓin sanannu ne. A haɗa rassa biyu da ke kusa a yi musu Jibi rana ɗaya, wannan wata a nan, wata mai zuwa a can. A yi amfani da fastocin da suka yi ritaya da malaman makarantar tauhidi, irin ta Kufai da ke Billiri, da ɗalibanta a lokacin hutu don wa'azi. A rubuta kuɗin man babur a cikin kasafin uwar majami'a, kada a bar shi ga aljihun dattijon da aka aika. Wannan na ƙarshe ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Dattijon da a da yake zuwa reshe da kuɗinsa ba tare da ya ji a jikinsa ba, yanzu sai ya auna, kuma ba zai ce ba shi da kuɗin mai ba, zai ce wani uzuri ya taso.

Kuɗi shi ne inda zumunci ya fi saurin tsagewa, shi ya sa ƙa'idarsa ba ta son sassauci. Ba a barin mutum ɗaya ya ƙirga baiko. Mutum biyu ko uku, a ɗaki ɗaya, nan take bayan sujada, a rubuta baiko daban, zakka daban, na gini daban, na godiya daban, kowa ya sa hannu. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe kuɗi daban, fasto kuma ya fi aminci idan hannunsa bai taɓa kuɗin ba sam. A kai banki ranar Litinin inda akwai banki. Ɓarna takan fara ne daga abin da ba ya kama da ɓarna: a ɗebi na man janareta daga cikin faranti kafin a ƙirga, a ranta wa wani dattijo zuwa ranar kasuwa, a ce za a rubuta daga baya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa sun saba da tura baiko ta waya, wanda ya kawo sabon aiki, wato a bi bayanan banki a daidaita da littafi, kuma a tabbata asusun na majami'a ne, ba na wani mutum ba komai amincinsa.

Daga abin da aka tara, akwai kason da ake turawa sama bisa ƙa'idar ekklesiya, don tafiyar da gunduma da hedkwata da aikin bishara. Majami'ar gari mai ma'aikatan gwamnati tana samun shigar kuɗi kowane ƙarshen wata. Ta ƙauye kuwa sau ɗaya take samu a shekara, lokacin godiyar kaka, sa'ad da ake shigo da buhunan masara da dawa da gyaɗa da wake. Idan aka sayar da su nan take a Disamba, an sayar a lokacin da hatsi ya fi araha. Idan aka ajiye zuwa damina, farashi yakan fi kyau, amma sai an sami ɗaki marar yoyo, an ɗora buhunan a kan katako, an kare wake daga ƙwari, an kuma rubuta adadin buhu a gaban shaidu, don buhun da ba a rubuta ba yana da ƙafa. Ga kuma albashin fasto da ba ya jiran farashi ya tashi. Shi ya sa faston ƙauye kan yi watanni yana bin bashin albashi yana rayuwa da gonarsa, kuma shi ya sa sauyin wurin aiki, wanda gunduma ke yi, yake zama abin magana: kowa ya san wace majami'a ce ke iya biya. Gundumar da ba ta da hanyar da majami'u masu ƙarfi za su tallafa wa marasa ƙarfi tana tura sababbin fastoci ne inda aiki ya fi wuya, ƙwararru kuma su taru a gari.

Tsaro ya shiga jadawalin mako tun shekarun hare-hare, musamman bayan harin da aka kai wata majami'a a cikin Gombe a Janairun 2012. Duba jaka a ƙofa, ajiye motoci da babura nesa da gini, matasa da 'yan Brigade a bakin ƙofa bi da bi. Abin da aka fi mantawa shi ne masu gadin nan su ma masu sujada ne, idan mutum huɗu ne kullum a waje, an yi shekara ba su ji wa'azi ba. Jerin gwano na Kirsimeti da Ista kuma yana bukatar a sanar da hukuma hanyar da za a bi, a sa manya gaba da baya, a guji babbar hanya da duhu. Abin da ya faru a Gombe lokacin Ista na 2019, da mota ta kutsa cikin jerin yaran Brigade aka rasa rayuka, ya isa dalili.

Sai labarin mutanen da ke tafiya. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, matasan kudancin jihar suke ta kwarara cikinta don karatu da aiki, unguwanni irin su Tumfure suna ta faɗaɗa. A ƙa'ida, mai barin gari yana karɓar wasiƙa daga majami'arsa, wadda ke nuna ko an yi masa baftisma, ko yana cin Jibi, ko yana ƙarƙashin horo, ya kai wa majami'ar da ya koma. A aikace kaɗan ne ke karɓa. Sai sunansa ya zauna a littafin ƙauye, inda ake lissafa shi cikin waɗanda za a raba wa kuɗin gini, shi kuwa yana gari a bencin baya ba wanda ya san shi. Ranar da ya tashi aure, ko ya kwanta ciwo, sai a fara neman wace majami'a ce tasa, fastoci biyu suna buga wa juna waya. Magatakardan ƙauye zai iya rage wannan da aiki kaɗan: duk wata uku, lokacin da ake sabon jadawali, ya bi littafin suna tare da uwar zumunta da shugaban matasa, a fitar da waɗanda suka tashi, a rubuta wasiƙunsu ko ba su nema ba, a aika wa faston unguwar da suka sauka tare da lambar wayarsu.